Zumar Kawu da Takardar Tasha

Ni mutum ne mai zargi, kuma ba jiya na fara ba. Idan mahauci ya cika yi mini murmushi sai na kwance ƙunshin na sake duba naman. Idan ɗalibi ya gaishe ni sau biyu a safiya ɗaya, na san bai yi aikin gida ba. Maiɗakina takan ce ko ruwan randar gidanmu sai na leƙa kafin in sha, ni kuwa in ce mata leƙen ne ya kawo ni yau lafiya ƙalau. Da wannan hali nake koyarwa a wata firamare a Birnin Kudu, da shi kuma na shiga sayar da zuma a kasuwar intanet.

Zumar ba tawa ba ce. Ta Kawu ce, ƙanen mahaifiyata, wanda ke zaune a Dingaya ta ƙasar Gwaram. Noma ne sana'arsa, amma yana da amya rataye a kan ɗorawa da tsamiya a bayan gonarsa, kuma duk bazara yakan ɗebi zuma mai yawa. Baƙa ce, mai kauri, da ɗan ƙamshin hayaƙi da ba ya ɓuya. Shekara da shekaru 'yan sari ke zuwa har gida su kwashe ta a farashin da suka ga dama. Ran da na ga a waya abin da mutanen birni ke biya a kan 'yar kwalba ɗaya, ina cikin cin abinci sai da na ajiye cokali. Na kira shi na ce ya daina ba su, ni zan riƙa sayar masa.

"Mutumin da ba ka ga idonsa ba, ta yaya za ka yi ciniki da shi?" in ji Kawu.

Na ce ya bar mini wannan, ai ni ba a yi mini wayo.

Yadda kasuwar take ba wuya. Ka ɗauki hoton kayanka ka ɗora a manhajarsu, ka rubuta farashi. Mai saye ya biya da katinsa na banki, kuɗin su zauna a hannun masu kasuwar. Kana ganinsu a shafinka, amma ba ka iya taɓa su sai bayan 'yan kwanaki. Akwai kuma wani dogon bayani da Turanci da suka kira kariyar mai sayarwa. Na karanta shi, ba zan yi ƙarya ba, amma irin karatun da nake yi wa takardar cikin kwalin magani. Abin da ya ce shi ne, idan kana so su tsaya maka ranar rigima, to ka aika kaya ta kamfanin kai saƙo mai ba da rasit, kuma wanda ya kai kayan ya karɓi wata lamba ta musamman daga bakin mai saye, a shigar da ita a manhaja. Wannan lambar ita ce shaidar cewa kaya sun isa hannu.

To mu a nan ba haka muke aika kaya ba, mu tasha muka sani. Ka rubuta lambar wayar mai kaya da baƙin maka a jikin buhu ko jarka, ka miƙa wa direba, ka biya shi, ka kira mai kaya ka ba shi lambar direban. Shi ke nan. Da haka ake aika hatsi da kaji da kayan lefe da takardun makaranta, har da tsabar kuɗi ƙulle a leda. Tun tasowata ban taɓa ganin wanda ya nemi rasit a wajen direba ba.

Direban da nake ba saƙo kuwa ba baƙo ba ne. Abokin mahaifina ne tun muna ƙarƙashin Kano, kafin a yanke mana Jigawa. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗana. Yana da wata farar bas da ta ga jiya ta ga yau. Kullum yakan taso daga Gwaram da sassafe, ya tsaya Birnin Kudu ya cike fasinja, ya wuce Kano, ya dawo da yamma. Ran da mahaifina ya rasu a asibiti a Kano, shi ya sauke fasinjojinsa ya mayar musu da kuɗinsu ya ɗauko mana gawar. Ba ya karatun boko ko kaɗan, lambobi kawai yake ganewa, amma ban taɓa jin ya ba wani kayan wani ba. Irin wannan mutumin zan tsaya in ce wa, Baba, kada ka miƙa kaya sai an faɗa maka wata lamba? Da ya tambaye ni ko ya taɓa ɓatar mini da allura. Kunya ta hana ni, kuma gaskiya ban ga amfanin abin ba.

Mai sayen da ya jawo mini wannan labari ya fara ne da kwalba biyu. Ya biya, na ba Baba, ya karɓa a tashar Kano, ya kira ya yi godiya har da sa wa Kawu albarka. Bayan mako biyu ya sayi galan guda. Mutum ne mai daɗin baki a waya, gaisuwarsa ta fi cinikin tsawo: ya iyali, ya 'yan makaranta, ya jikin tsohon da ke ɗebo zumar. Ya ce yana da shagon magungunan gargajiya. Ni da nake zargin murmushin mahauci, wannan doguwar gaisuwa ba ta tayar mini da komai ba, don a wajenmu mai gaisuwa haka ɗan mutunci ne. Da bazara ta yi nisa sai ya ce yana son manyan jarka huɗu, wato duk abin da Kawu ya ɗeba a shekarar.

Na ce masa tunda kayan da yawa, ko in nemi kamfanin kai saƙo a Dutse?

"Haba Malam, sai ka ce ba 'yan gida ba?" in ji shi. "Ka ba dattijon nan namu kawai. Kamfani sai su yi kwana biyar suna jijjiga ta a rana."

Na ji daɗin maganar, don ta rage mini wahala.

A wannan shekarar kuwa zumar ba ta cefane ba ce. Shanun huɗar Kawu biyu ne, ɗaya ya ci leda cikinsa ya kumbura aka yanka shi tun da rani. Sa ɗaya ba ya jan garma. In damina ta faɗi bai sami na biyu ba, sai dai ya jira masu shanu su gama nasu gonakin kafin su zo masa haya, kuma duk manomi ya san abin da wanda aka yi wa huɗa a ƙarshe yake girba. Kawu ya ware zumar shekarar gaba ɗaya domin sayen wannan sa.

Baba ya ɗauko jarkokin daga Gwaram wata Talata. Da ya tsaya a tasharmu na buɗe su ɗaya bayan ɗaya, na shinshina, na zura kara har ƙasa in ga ko da ruwa a gindi. Baba yana jingine da mota yana dariya. Ya ce, "Ɗana, Kawun naka ma ba ka bar shi ba?" Na ɗauki hotunansu, na rubuta lambar mai saye a jikin kowace, na biya kuɗin mota. Da yamma da ya dawo ya leƙo ta taga ya ce mini an karɓa. Na kira mai sayen sau biyu bai ɗauka ba, na ce yana ta hidimar kaya ne. Ga kuɗin nan kuwa a shafina, ina ganinsu da idona.

Sai na yi abin da bai kamata in yi ba. Na kira Kawu na ce masa kuɗi sun shiga, saura 'yan kwanaki su sauka a banki. Shi kuwa a wajensa in an ce kuɗi sun shiga, to sun shiga. Ranar kasuwa ya tafi kara, inda ake cinikin shanu, ya ga wani jan sa mai faɗin ƙirji, ya sayar da awakinsa biyu ya ba da kafin alƙalami. Suka yi da mai shanun cewa zai cika sauran nan da kasuwa biyu. In bai cika ba, san ya tafi ga wani, kafin alƙalamin kuma ya bi ruwa.

Ana saura kwana ɗaya kuɗin su sauka, muna hutun tara a makaranta, saƙo ya shigo wayata. Na karanta sau biyu, na ƙi yarda da Turancina, na kai wa wata malama 'yar Filato da muke koyarwa tare. Ta karanta a hankali ta dube ni. Ta ce mai saye ya kai ƙara bankinsa cewa ya biya kuɗi bai ga kaya ba, ya nemi a mayar masa da abinsa. Masu kasuwa sun riƙe kuɗin. Sun ba ni kwana bakwai in kawo shaidar cewa kaya sun isa, in ban kawo ba kuɗin su koma inda suka fito.

"Malam, ka karɓi lambar nan da suke cewa?" ta tambaye ni.

Na ce a'a.

"Rasit fa?"

Na ce mata a tasha na aika. Ta miƙo mini wayata.

Na fita bayan aji na kira mai sayen. Wannan karon ya ɗauka, amma babu ya iyali, babu ya 'yan makaranta. Ya ce, "Malam, ni ban ga kaya ba. Sau biyu ina zuwa tasha, direbanka bai ɗauki waya ba. Ka bincike shi, tsofaffin nan ba duka ne na Allah ba." Ya kashe. Daga ranar ban sake samun layin a buɗe ba.

Da farko shi na zarga, na tsine masa a zuci iyakar iyawata. Amma zuciyata ba ta iya zama wuri ɗaya. Na fara tambayar kaina, wa ya ga an miƙa jarkokin nan? Ni dai ban gani ba. Abin da ke hannuna kalma ɗaya ce da aka faɗa mini ta tagar mota. Sau biyu mutumin nan ya saya bai yi gardama ba, me zai sa sai yanzu? Kuma jarka huɗu ta zuma ba kwalba biyu ba ce, ta isa ta juya hankalin mutum. Na kori tunanin, ya dawo.

Da yamma na bi ta tasha, wai in gaishe da Baba. Motarsa tana layi, kuma abin da idona ya fara sauka a kai shi ne tayoyin baya, sababbi fil, ko gashinsu bai goge ba. Shi kuma yana zaune a teburin mai shayi da wata kwalba a gabansa, yana tsiyaya wa kansa a kofi yana miƙa wa 'yan kamasho. Baƙa ce, mai kauri. Tun kafin in ƙarasa na ji ƙamshin hayaƙin. Ko a cikin zuma ɗari zan gane ta Kawu. Na gaishe shi sama-sama na wuce.

A gida na zayyana wa maiɗakina komai, da tayoyin da kwalbar. Tana tankaɗe ta ce, "Malam, ka kira Kawu ka tambaye shi tukuna." Na ce me Kawu ya sani a ciki? Gaskiyar magana ita ce ba na iya kiransa. Kawu bai san an riƙe kuɗin ba, yana can yana gyara turken da zai ɗaure sabon sa. Ni da na ce masa ba a yi mini wayo, da wane baki zan faɗa masa? Na gwammace in kamo ɓarawo tukuna, in kai masa labarin a haɗe.

Washegari da la'asar na koma tasha na tarar Baba ya dawo daga Kano yana wanke ƙafa. Sarkin tasha yana kan bencinsa, ga direbobi da 'yan kamasho. Da na so, da na ja shi gefe. Ban ja shi ba, don so nake a ga idonsa lokacin da zai amsa.

Na ce, "Baba, mai zumar nan ya ce bai ga kaya ba. Wa ka ba?"

Ya ɗago a natse ya ce, "Shi na ba. Dogon nan mai tabarau, wanda ya karɓi na baya. Ya zo da mota ruwan toka, ya kira ni da lambar da ka rubuta, 'yan dako suka sa masa a but."

"Ina shaida?"

"Wace irin shaida, ɗana? Da rana tsaka aka yi, a gaban mutane."

Na ce su masu kasuwa takarda suke so, ba mutane ba. Ya ce shi bai taɓa yin takarda da kowa ba, shekara nawa yana hanyar nan. Da na tsaya a nan, da magana ta mutu. Amma bakina ya riga ya buɗe.

Na ce, "To zumar da kake sha jiya a teburin mai shayi fa, Baba? Da tayoyin nan, yaushe aka saye su?"

Wani direba ya ce subhanallahi a hankali. Baba ya ajiye butar, ya dube ni tun daga ƙafa har kai, kamar yana neman wani da ya sani a jikina. Bai ce komai a kan kwalbar ba, bai ce komai a kan tayoyin ba, ni kuwa na ɗauki shirun a matsayin amsa.

Can ya ce, "Wato a hannuna suka ɓata."

Na ce, "Ni dai a hannunka na sa su."

Sarkin tasha ya gyara murya ya ce dokar tasha sananniya ce, in kaya suka ɓata a hannun direba shi ke biya, amma sai an tabbatar, kuma shi bai taɓa jin irin wannan a kan wannan dattijo ba. Baba ya ce an ji. Ya sa takalmansa ya shiga mota ya kama hanyar Gwaram.

Kwana biyu bayan nan sarkin tasha ya aiko cewa in shirya, Baba zai kai ni Kano in ga masu shaida. Na ɗauki uzuri a makaranta. Ya ba ni gidan gaba kamar yadda ya saba, bai karɓi kuɗin mota ba, bai kuma yi mini magana ba har muka isa. A tashar Kano ya kira 'yan dako uku da suka ɗauki jarkokin. Kowannensu ya faɗi abin da Baba ya faɗa, ɗaya har ya tuna mutumin ya hana su ladan da ya dace. Na rubuta bayaninsu da Turanci, suka shafa tawadar biro a babban yatsa suka dangwala. A raina ina cewa, ai mutanensa ne, me zai hana su faɗi haka? Sai Baba ya miƙo mini 'yar wayarsa mai madannai ya ce in duba ranar Talatar. Na duba. Ga lambar mai sayen nan, shi ya kira, sau biyu, kuma duka an ɗauka. Mutumin da ya ce mini direbana bai ɗauki waya ba. Amma ko a nan ban ba da haƙuri ba. Kwalbar nan tana nan tsaye a raina.

Na ɗauki hoton komai na aika wa masu kasuwa: jarkokin, takardar 'yan dako da yatsunsu, fuskar wayar Baba. Na rubuta musu dogon bayani a kan yadda muke aika saƙo a ƙasarmu, har na ce musu ko gawa da haka ake kawo ta. Amsar ta zo a rana ta bakwai, gajeriya, cike da ladabi. Sun gode da haƙurina. Abin da na aiko ba ya cikin shaidun da ƙa'idarsu ta amince da su, don haka kariyar mai sayarwa ba ta hau kaina ba. An mayar wa mai saye kuɗinsa. Na buɗe shafina na ga wurin da kuɗin suke ya koma babu. Na nemi shafin mai sayen, shi ma babu shi.

Yanzu ba sauran ɓoyo. Kasuwa ta biyu ta zo ta wuce ina jiran amsar nan, na san cewa jan san nan ya tafi, awakin ma sun tafi. Ranar Asabar na hau wata motar daban zuwa Gwaram, na hau babur zuwa Dingaya, ina ta shirya yadda zan fara. Hadari ya soma haɗowa ta gabas a kwanakin, mutane na ta kai taki gona.

Ina shiga gidan na ga jan sa ɗaure kusa da tsohon san Kawu, yana cin harawa.

Kawu ya fito da fara'arsa ya ce, "Ka gan shi? Dubi ƙirji. Allah ya yi maka albarka, saƙonka ya iso ana gobe kasuwa."

Na ce, "Wane saƙo?"

"Kuɗin zuma mana. Direba ya kawo mini har gida, ya ce mai kaya ya biya, kai ka aiko shi."

Zan faɗi abin da ya fara zuwa raina, ko da yake ba na son tuna shi. Cewa na yi, ka ga, ya ji tsoro ya dawo da su. Har wani sanyin nasara na ji. Muka zauna a kan tabarma na kwashe labarin duka na faɗa wa Kawu, da riƙe kuɗin, da mayar da su, da tayoyin, na ƙare da kwalbar da na gani a teburin mai shayi. Na ce masa in ba shi ya taɓa zumar ba, ina ya samu irinta?

Kawu ya saurare ni har ƙarshe. Sannan ya ce, "Kwalbar ni na ba shi."

Ya gyara zama ya ci gaba.

"Wa ke ɗora wa mutum zuma bai ba shi ta lasawa ba? Ko jaki ka ɗora wa ai ka san yana jin ƙamshi, balle mutum. Tun ina yaro haka ake yi, duk wanda ya ɗauki zumar gidan nan sai an tsiyaya masa tasa. Tayoyin kuwa adashinsa ya ɗauka, tun kafin in ɗebi zumar yake ba ni labarinsu." Sai ya dube ni. "A gaban mutane ka faɗa masa haka?"

Na ce e.

Kawu ya tashi ya koma wajen shanunsa. Ko ruwa bai ce a kawo mini ba, abin da bai taɓa yi ba.

Na dawo Birnin Kudu na wuce tasha kai tsaye. Motar Baba tana nan, tsofaffin tayoyin sun koma mazauninsu, sumul, har zare ya fara leƙowa a ɗaya. Sarkin tasha ne ya faɗa mini sauran. Baba ya sayar da sababbin tayoyin, kuɗin bai isa ba, ya jinginar da 'yar fadamarsa ta Gwaram inda yake shinkafa. Mutanen tasha sun hana shi, sun ce ba a tabbatar da komai a kansa ba. Ya ce musu tsohon Dingaya bai yi laifin komai ba, kuma damina ba ta jira a gama shari'a.

Na same shi a kan benci yana jan carbi. Na cire takalmi na durƙusa a gabansa, a gaban mutanen da suka ji ni ran nan. Na ce, "Baba, na yi kuskure, ka yafe mini. Kawu ya faɗa mini komai. Kuɗinka kuma zan biya ka, ko zai kai shekara."

Ya ƙarasa jan carbinsa tukuna. Ya ce, "Tashi, Malam."

Bai taɓa ce mini Malam ba.

"Kuɗin nan ba rance na ba ka ba. Ka ce a hannuna ka sa kaya, na biya. Abu ɗaya nake so a wajenka. Tunda yanzu takarda ake yi, ka rubuta mini cewa na biya, ka sa hannu."

Na ce, "Haba Baba."

Ya ce, "Rubuta."

Wani ya yago mini falle daga littafin lodi. Na ɗora a kan gaban motar na rubuta da Hausa cewa direba bai ci mini komai ba, kaya sun isa inda aka aike su, kuma duk da haka ya biya kuɗinsu cif. Na sa hannu na miƙa masa. Ya karɓa ya juya ta, sannan ya kira wani ɗan kamasho da ya yi sakandare ya ba shi.

"Karanta mini, in ji ko abin da na ce shi ya rubuta."

Ɗan kamashon ya karanta da ƙarfi, ni ina tsaye. Da ya gama Baba ya ce ya sake. Ya sake. Sannan ya ninke takardar sau huɗu ya soke ta a saman gilashin gaba, inda yake ajiye takardun mota.

Kawu ya yi huɗarsa da ruwan farko a shekarar. Kuɗin kuwa Baba bai yarda ya karɓa ba sai da Kawu ya taka da ƙafarsa har gidansa a Gwaram. Na riƙa biya wata-wata ta hannun sarkin tasha har fadamar ta dawo, amma shinkafar wannan daminar wani ne ya girbe ta. Har yanzu ina sayar da zuma. Ina kai ta Dutse in ba kamfani, in karɓi rasit, in jira lamba, kuma ba a sake mayar mini da kuɗi ba. Nakan bi ta tasha da safe in gaishe da Baba, ya ce lafiya lau, Malam. Takardar tana nan a saman gilashin, rana ta mayar da ita ruwan ƙasa, kuma duk wanda ya zauna a gidan gaba yana ganinta.